A gaban dutse ake renon masanin ƙasa

A sassan koyar da kimiyyar ƙasa na jami'o'i da yawa, binciken ɗalibin digirin farko shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana raba batutuwa a farkon shekarar ƙarshe, a ɗora wa kowane malami rukunin ɗalibai, a zauna sau ɗaya ko biyu a ofis, daga nan yaro ya kama gabansa. Bayan watanni ya dawo da kundi mai bango mai tauri, da taswira mai launi kala-kala, da jadawalin lambobi. Malam ya bi babi-babi da jan biro, ya gyara nahawu, ya sa hannu, digiri ya samu. Babu mai tambayar ko akwai wanda ya taɓa tsayawa kusa da yaron nan lokacin da yake ɗora kamfas a kan dutse, ya ga ko a wurin da ya dace ya ɗora.

A ra'ayina, a wannan fanni, tsayuwar nan ita ce zuciyar jagoranci. Gyaran rubutu da zaman ofis suna da amfaninsu, amma malamin da bai taka fili da ɗalibinsa ba ya sa hannu ne a kan abin da bai sani ba.

Dalili yana cikin yanayin ilimin kansa. Mai nazarin sinadarai yana iya maimaita gwajinsa sau goma a ɗaki har ya gamsu. Shi masanin ƙasa yana isowa ne bayan an gama komai tun shekaru miliyoyi, ya tarar da guntattakin shaida. A littafi, shimfiɗun dutse suna jere tsaf, kowace da launinta da sunanta. A fili kuwa rana da ruwa sun cinye fuskar dutsen, ƙasa da ciyawa sun binne mafi yawansa, tsagar da ta auku daga baya tana yi wa ido kama da layin shimfiɗa na asali. Ɗalibin da ya yi zarra a jarrabawa yana iya ɓata yini guda yana auna karkatar wani ƙaton dutse da ya gangaro daga saman tudu, wanda ba a mazauninsa yake ba. Abin tsoron shi ne wannan kuskure ba ya barin tabo. Idan aka rubuta karkatar digiri 35 a jadawali, lambar kamanninta ɗaya, ko an auna daidai ko an auna shirme. Jan biro ba zai taɓa kama shi ba. Wanda ke tsaye a wurin ne kawai zai ce, "Dakata, ɗaga kanka ka duba daga ina dutsen nan ya fito."

Akwai tsohon misali da ya cancanci a daɗe a kansa. A watan Agusta na 1831, Adam Sedgwick, farfesan ilimin duwatsu a Jami'ar Kambirij, ya ɗauki wani saurayi ɗan shekara 22 da bai daɗe da gama digirin farko ba, suka tafi arewacin Wales aikin fili. Saurayin shi ne Charles Darwin, kuma malaminsa na ilimin tsirrai, John Henslow, shi ya roƙi a tafi da shi. Yadda Sedgwick ya yi da shi shi ne abin lura. Yakan tura shi ya bi wata hanya da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tasa, ya ce ya ɗebo samfurin duwatsu, ya kuma sa alamar shimfiɗu a taswira, sannan su haɗu su gwada abin da kowa ya samo. Wato yaro yana da nasa layin da alhakinsa ke wuyansa, malami kuma yana kusa, kuskure ba ya kwana ba a gano shi ba. Kafin ma su tashi, Darwin ya ba shi labari cikin zumuɗi cewa wani lebura ya ce ya tsinci ƙwaryar wata dodon-koɗin tekun ƙasashe masu zafi a ramin tsakuwa kusa da garinsu. Sedgwick bai yi murna ba. Ya ce lallai wani ne ya jefar da ita a ramin, domin abu guda da ya saɓa wa duk abin da aka tattara game da tsakuwar yankin sai an tuhume shi kafin a karɓa. Darwin ya faɗa daga baya cewa a ranar ya fara gane cewa kimiyya ta wuce tara abubuwan mamaki, aikinta haɗa hujjoji ne har su ba da ƙa'ida. A watan Disamba na shekarar ya hau jirgin ruwan Beagle, kuma shekarun farko na sunansa a duniyar ilimi a matsayin masanin duwatsu ya yi su.

Labarin yana da wani ɓangare da na fi so malamai su riƙe. Kamar yadda Darwin ya bayar, sun shafe sa'o'i a kwarin Cwm Idwal suna bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, suna neman burbushin tsoffin halittu. Kewaye da su akwai ƙarce-ƙarcen da kogin ƙanƙara ya bari a jikin duwatsu, da manyan duwatsun da ya kwaso ya ajiye a inda ba nasu ba, da tarin tsakuwar da ya tura gefe. Ba su ga ko ɗaya ba, saboda a lokacin ba a fara maganar zamanin ƙanƙara ba. Sai bayan masanin kimiyya Louis Agassiz ya yaɗa wannan tunani daga 1837 ne Darwin ya koma wurin a 1842, ya ga alamun a sarari ko'ina. Malami yana gadar wa ɗalibi idonsa, yana kuma gadar masa makantarsa ba tare da ya sani ba. Saboda haka babban abin da za a koya wa ɗalibi shi ne ya raba abin da ya gani da abin da yake zato. A littafin fili, shafi ɗaya na abin da ido ya gani da abin da aka auna: launi, girman ƙwayoyi, kauri, inda shimfiɗa ta dosa, ko dutsen ya yi kumfa da aka ɗiga masa asid. Fassara kuma a gefe daban, da alamar tambaya idan ta kama. Fassarar malam tana iya tsufa nan da shekara ashirin. Abin da aka rubuta da gaskiya cewa an gani zai ci gaba da amfani ga wanda zai zo da sabon ido.

Yawancin abin da ake koya ta wannan hanya ƙanana ne, har mutum ya ji nauyin lissafa su. A rubuta lambar samfur a jikin dutsen da jikin jakar da cikin littafi, tun ana tsaye a wurin, kada a bari sai an koma masauki. A fasa dutse a duba sabuwar fuska, domin ta waje ta riga ta sauya. Idan ruwan rijiyar burtsatse za a ɗiba, a bar shi ya zuba na ɗan lokaci tukuna, kada a ɗebi wanda ya kwana a bututu. Zafin ruwa da tsaminsa a auna su nan take, saboda suna canzawa kafin a isa ɗakin gwaji. A haɗa da kwalbar tataccen ruwa da za ta bi duk hanyar da sauran suka bi, don a gane ko kwalaben ko hannun mai aikin ne ke sa datti. A ɗebi wasu samfuran sau biyu a ga ko na'ura za ta ba da amsa ɗaya. Duk wannan yana rubuce a littattafai, amma gani ya kori ji. Ɗalibi yana ɗaukar abin da muhimmanci ne ranar da ya ga malaminsa, da furfurarsa, ya zubar da samfur ya koma ya ɗebo wani saboda murfin kwalba ya faɗi ƙasa.

Wanda yake ganin wannan tsanani ya yi yawa ga ɗan digirin farko, ya tuna da Clair Patterson. Malaminsa Harrison Brown ya ba shi aikin auna dalma a cikin ma'adinai don a gano shekarunsu, a Jami'ar Shikago a ƙarshen shekarun 1940. Lambobin suka riƙa fitowa da yawa fiye da kima. Maimakon ya gyara su su yi kyau, sai ya bi sawun matsalar, ya gano cewa dalma tana shiga samfuransa daga iska da ƙura da ruwa da kayan aikin kansu. Ya ɗauki shekaru yana tsabtace wurin aikinsa, kuma a 1956 ya wallafa cewa shekarun duniya biliyan 4.55 ne, lambar da har yau ba ta motsa sosai ba. Bin sawun dattin nan ne kuma ya kai shi ga yaƙi da zuba dalma a man fetur. Halin rashin yarda da lamba sai an san inda ta fito ba ya tsirowa dare ɗaya a matakin digiri na uku. Ko dai an dasa shi tun a aikin farko, ko kuma ɗalibi ya koyi akasinsa a nan, wato cewa abin da ake so shi ne jadawali ya cika.

Sai maganar irin tambayar da ake ba ɗalibi. Abin da aka saba shi ne a ɗauko batun bara, a canza sunan wuri, a miƙa. Malam ya san amsar, ɗalibi ya san malam ya san amsar, don haka aikinsa shi ne ya isa inda ake jiransa. Wannan shi ke haifar da kwafe kundin magabata da ƙirƙirar lambobi, kuma laifin bai tsaya kan ɗalibi kaɗai ba. Ni ina ganin ya kamata a ba shi tambayar da malamin da gaske bai san amsarta ba, ƙarama, wadda za a iya gamawa cikin watannin da ake da su. Me ya sa rijiyoyi biyu da ke kusa da juna suke ba da ruwa mai gishiri daban? Wane ɓangare na bakin kogin nan ne ya fi zaizayewa cikin shekara goma, kuma wace irin ƙasa ce a wurin? Idan malami yana jiran amsa da gaske, yanayin tambayarsa yana canzawa, ɗalibi kuma yana ji a jikinsa cewa aikinsa yana da mai buƙata.

Fred Vine yana ɗalibin digirin farko a Kambirij lokacin da ya saurari laccar masanin duwatsu Harry Hess a farkon 1962 kan tunanin cewa ƙasan teku yana buɗewa daga tsakiya. Da ya fara karatun gaba, malaminsa Drummond Matthews ya miƙa masa sabbin bayanan maganaɗisu da ya auno a kan tudun Carlsberg da ke ƙarƙashin Tekun Indiya, waɗanda shi ma bai gama fassara su ba. Vine ya haɗa tunanin Hess da jujjuyawar maganaɗisun duniya, wato yadda arewarsa da kudunsa ke musanya wuri lokaci zuwa lokaci, ya ce idan ƙasan teku yana buɗewa, dole sabon dutse ya riƙa ɗaukar hoton maganaɗisun zamaninsa, a samu zane-zane iri ɗaya dama da hagu na tudun. Takardar ta fito a mujallar Nature a Satumban 1963, shekara guda bayan ya gama digirin farko, kuma sunan ɗalibin ne a gaba. Ba kowane ɗalibi ne Vine ba, ban kuma ce a jira irin wannan daga kowa ba. Abin da Matthews ya yi ne kowane malami zai iya: ya ba da bayanai na gaske, ya saurara, ya bar sunan yaro a inda ya cancanta.

Batun suna yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin nan ne zalunci ya fi sauƙin ɓuya. Akwai malaman da ɗalibin digirin farko a wurinsu ɗan dako ne. Shi zai sha rana, ya ɗauko buhun duwatsu, ya niƙa, ya tace, ya kwana gaban na'ura, ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa abin da ake nema ba. Bayan shekara biyu takarda ta fito da lambobinsa, babu sunansa ko a wurin godiya. Fannin nan yana da tsohon tabo a kan wannan. Marie Tharp ce ta gano a 1952, daga zanen zurfin teku da take yi a tebur, cewa akwai kwari a tsakiyar tudun da ya ratsa Tekun Atlantika. A lokacin ba a barin mata su hau jiragen bincike. Abokin aikinta Bruce Heezen da farko ya yi watsi da maganar, da aka tabbatar kuma, takardar 1956 da ta sanar da duniya ta fito da sunansa da na Maurice Ewing, babu nata. Idan an yi wa ƙwararriya haka, ina ga yaron da makinsa ke hannun malam? Maganin mai sauƙi ne: tun ranar farko a faɗa a fili wane aiki ne ke sa sunan mutum ya hau takarda, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi.

Fili kuma wuri ne da ikon malami ke ƙaruwa, idon jama'a ke raguwa. Wani bincike da Kathryn Clancy da abokan aikinta suka wallafa a 2014, wanda ya tambayi masu aikin fili 666 daga fannonin kimiyya daban-daban, ya samu kashi 64 cikin 100 sun ce an taɓa yi musu cin zarafi ta fuskar jinsi a wurin aiki, kuma masu koyo ne abin ya fi faɗa wa. Saboda haka duk wanda zai fita da ɗalibai, wajibinsa ne ya tsara masauki da bayan gida da dokokin zama kafin a tashi, ya kuma faɗa wa kowa wanda za a kai wa ƙara idan shi jagoran ne matsalar. Haka nan a daina auna ƙwazo da saurin hawa tudu. Ɗalibar da ke da lalurar ƙafa tana iya zama wadda ta fi kowa iya karanta siririn yankin dutse mai kaurin milimita 0.03 a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ɗalibin da ba shi da kuɗin takalmin fili ba zai faɗa ba, sai dai a ga ya zaɓi batun da ba a fita. Jagora na gari yana tambaya a keɓe.

Na san amsar da malamai za su bayar, kuma tana da nauyi. Mutum ɗaya da ɗalibai masu yawa, ga azuzuwa, ga takardun jarrabawa, ga taruka, ga ƙarin girman da ba ya duba komai sai yawan abin da ka wallafa. Ɗalibin digirin farko yana da jinkiri, yana fasa kaya, yana ɓata samfur, kuma daidai lokacin da hannunsa ya fara faɗawa sai ya gama ya tafi. Wanda ya ba shi lokacinsa yana biya ne daga aljihun ci gabansa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba na ɗaukar maganar a matsayin wa'azi ga malamai su ƙara tausayi. Magana ce ta tsari. A Amurka, tun 1987 Hukumar Kimiyya ta Ƙasa take ba da kuɗi musamman don a ɗauki ɗaliban digirin farko su yi makonni suna bincike tare da malamai lokacin hutun bazara, ana biyansu alawus. A shekarar ce kuma wasu ƙananan kwalejoji suka kafa gamayyar Keck ta ilimin duwatsu, inda ɗalibai daga makarantu daban-daban ke haɗuwa a fili ɗaya, kowa ya koma makarantarsa ya ci gaba da nasa ɓangaren tsawon shekara, sannan a taru a gabatar. Darasin da ke ciki bai tsaya ga masu kuɗi ba. Ɗalibai biyar a fili ɗaya, da tambayoyi biyar masu alaƙa, mota ɗaya suke buƙata da fita ɗaya ta malami, kuma suna duba aikin juna. Ɗaliban digiri na biyu da na uku za su iya ɗaukar wani kaso na jagorancin, muddin an koya musu yadda ake yi, an kuma rubuta musu shi a matsayin aiki.

Rashin kayan aiki ma ya rage ƙarfi a matsayin uzuri. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda suka faro daga 1972, kyauta ne ga kowa tun 2008, manhajar taswira ta QGIS ita ma kyauta ce. Ɗalibi mai kwamfuta da intanet yana iya bin yadda tafki ya janye ko gari ya cinye fadama cikin shekara arba'in. Sai dai a nan ma ana buƙatar malami ya ce masa ya tashi ya je ya taka aƙalla wasu wuraren da ya yi wa launi, domin abin da ya kira dutse a allo yana iya zama rufin kwano.

Me ya sa wanda ba malami ba, ba ɗalibi ba, zai damu da wannan? Saboda yawancin waɗannan yara ba farfesoshi za su zama ba. Su ne za su nuna inda za a haƙa rijiya, su ce ƙasar nan za ta ɗauki madatsar ruwa ko gini mai hawa goma, su sa hannu cewa ruwan da ke fita daga mahaƙar ma'adinai ba shi da illa. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse daga shekarun 1970 don raba mutane da ruwan kududdufi mai ɗauke da cuta, aka kuwa ceci rayuka da dama. Amma ba a gwada ruwan don neman gubar asanik ba, wadda ke cikin lakar yankin tun asali, sai a 1993 aka tabbatar da ita, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. A can, rijiya mai guba da mai lafiya suna iya kasancewa a unguwa ɗaya, bambancinsu zurfi da irin lakar da bututu ya ratsa. A irin wannan wuri, ma'aikacin da ya rikita lambar kwalba biyu, ko ya cike gurbin rijiyar da bai je ba da lambar maƙwabciyarta, ya yanke wa wani gida hukunci. Ko zai yi hakan ko ba zai yi ba, yawanci ya danganta da abin da aka bar shi ya yi a aikinsa na farko.

Don haka abin da nake nema daga jami'o'i takamaimai ne. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai jagoranta, a lissafa kwanakin fili da sa'o'in ɗakin gwaji cikin nauyin koyarwarsa, a kuma sa su a ma'aunin ƙarin girma. A daina rage wa ɗalibi maki don bincikensa bai samu abin da aka zata ba, in dai ya nuna yadda ya nema da inda shakkarsa take. Ranar kare aiki kuma, kada masu jarrabawa su tsaya ga kundin da aka ɗinke. Su ce a kawo littafin fili da samfuran, su zaɓi lamba ɗaya daga jadawali, su ce ɗalibi ya bi da su baya har zuwa shafi da rana da wurin da ya auna ta, malamin da ya jagorance shi kuma ya faɗi wace rana ce yake tare da shi a wurin.